Ko Aikin Sha'awa Ɓata Lokaci Ne?

Da wuya a sami unguwar da ba ta da yaron nan wanda ba ya iya ganin rediyo sai ya kwance shi. In an aike shi kasuwa, sai ya maƙale a rumfar mai gyaran rediyo har a biyo sawunsa. Aljihunsa cike yake da guntayen waya da matattun batura da lasifikar da ya tsinto a juji, sau da yawa kuwa ladan da yake samu a gida bulala ce. Idan ya girma halin bai sake shi ba, za a same shi da dare, bayan ya taso daga aikin da yake ci da shi, ya sunkuya a kan tebur da ƙarfen liƙi a hannu, yana harhaɗa wani akwati mai fitar da kiɗa wanda ba a sa shi ba, ba kuma mai saye. Matarsa tana lissafin abin da ya tafi a sayen dalma. Dattawan ikilisiya suna cewa da ma wannan himma a gona ya sa ta.

Tambayar ita ce, ya dace mai bin Almasihu ya ba da sa'o'insa da kuɗinsa ga aikin da ba ya kawo tuwo, don kawai yana jin daɗinsa? Tambayar tana ƙara nauyi idan aka kai ta ƙasar Sudan, gama can ne aka sami gwanayen wannan aiki, can ne kuma yaƙi ya auka musu.

Masu gyara na kasuwar Omdurman

Masu bi a ƙasar Hausa sun saba jin sunan Sudan a cikin sunayen mishan, watau SIM da SUM, amma a wancan zamani ana nufin dukan shimfiɗar ƙasar baƙar fata da ke kudu da Sahara. Ƙasar da ke ɗauke da sunan a yau babban birninta Kartum ne, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu suka zama kogi ɗaya. A hayin yamma Omdurman take, birnin tsohuwar kasuwa da makaɗa. Hausawa ba baƙi ba ne a wurin. Masu tafiya Makka a ƙasa sun daɗe suna bi ta can, da yawa suka zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kai jama'arsa bakin Shuɗin Nilu, garin da suka kafa yana amsa sunansa. Da aka buɗe gidan rediyon Omdurman a 1940, mace ta fari da aka ji muryarta tana waƙa a ciki ita ce A'isha al-Falatiya, 'yar asalin Hausawa, wadda ta rasu a 1974.

Kafin yaƙin 2023, bikin aure a Sudan sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da kiɗansa, da fiyanon lantarki irin wanda samari ke kira kibod. Amma wanda ya ƙera kibod a Japan bai yi shi domin bikin Sudan ba. Muryoyin da ke ciki da kiɗan ganga da aka ajiye masa na raye-rayen waɗansu ƙasashe ne, alhali yawancin waƙar Sudan a kan matakan sauti biyar take tafiya, da irin nata bugun. Saboda haka aka sami waɗansu masu gyara a kasuwar Omdurman da suka shahara wajen taɓa cikin kibod, su daidaita shi har ya yi magana da bakin mutanen ƙasar.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka amfana da hannunsu shi ne makaɗin da ake kira Jantra, daga yankin Gadarif kusa da iyakar Habasha. Yamaha ɗinsa ya bi ta hannun waɗannan masu gyara, shi ma ya ƙara nasa gyaran, har ya fito da salon da ya raɗa wa suna Jaglara. Kamfanin Ostinato Records ya fitar da faifansa a 2023. Akwai kuma Nuri, mutumin kabilar Beja daga Fot Sudan a bakin Jan Teku. A farkon shekarun 1990 ya tsinci wuyan wata gita a wurin zubar da tarkacen ƙarfe, ya haɗa shi da tsohon tambur, wani irin molo na mutanen can, wanda mahaifinsa ya ba shi, ya sa masa lantarki. Kusan shekara 30 yana kaɗa abinsa kafin duniya ta ji shi a faifan da ya fito a 2022.

Abin da ke cikin akwatin

Ya kamata mai yanke hukunci ya fara sanin aikin da yake hukuntawa. Kowane sauti girgizar iska ne. Tsirkiyar garaya tana rawa, ta kaɗa iska, iska ta kaɗa kunne. In girgizar ta yi sauri murya ta yi sama, in ta yi sanyi murya ta sauka. Sautin da makaɗan Turai ke daidaita kayansu da shi yana girgiza sau 440 a sakan ɗaya. Idan aka ninka ya zama 880, sautin nan ne dai, sai dai ya hau sama, kamar yadda mace da namiji ke rera waƙa ɗaya kowa da muryarsa.

Na'urar haɗa sauti, wadda ake kira sintesaiza, ba ta da tsirkiya ko fata. Wutar lantarki ce ake sa ta kai da komowa da sauri, lasifika ta mai da wannan kai da komowa sauti. Mai kalangu yana matse igiyoyin a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau. Haka mai sintesaiza ke ƙara ƙarfin wuta kaɗan, murya ta hau. Sa'an nan akwai sashen da ke tace sauti kamar rariya, ya riƙe kaushi ya bar laushi ya wuce. Akwai kuma wanda ke tsara yadda sauti zai fara da yadda zai mutu, ko ya faɗo gaba ɗaya ya dushe kamar bugun kuge, ko ya zauna daram kamar busar algaita.

Dukan waɗannan sassa a kan wani ɗan allo suke zaune, wanda masu gyara ke kira fanel. Fuskarsa ɗaya a shafe take da jan ƙarfe marar kauri. Mai yin nasa allon a gida yana fara zana hanyoyin wuta a takarda, ya yi ta juya su, gama a fuska ɗaya ba dama hanya ta ƙetare hanya. In zanen ya yi, sai ya mai da shi kan allon da tawadar da ba ta wankuwa, ya tsoma a ruwan magani mai cin jan ƙarfe. Maganin zai cinye ko'ina, ya bar inda tawada ta rufe. Daga nan ya huda ramuka, ya cusa ƙafafun transisto da sauran ƙananan kaya, ya liƙe kowace ƙafa da narkakken haɗin kuza da dalma, kuzar nan irin wadda aka haƙa a Jos da Bukuru. Ƙafa ɗaya ta ƙi kamawa cikin ɗari, akwatin zai yi shiru, dole mai shi ya bi su ɗaya ɗaya har ya gano laifinsa. Ba wanda zai ɗora wa. Mai gaggawa da mai ha'inci ba sa daɗewa a wannan aiki.

Ta wannan hanya ce sintesaizar zamani ta fito. Robert Moog, wanda aka haifa a birnin Niyok na Amurka a 1934, yana saurayi ya fara harhaɗa kayan kiɗa na lantarki a gida, yana bin zanen da ya gani a mujalla, mahaifinsa injiniya yana taya shi. A 1964 ya nuna na'urar da ta yaɗa sunansa a duniya.

Ƙarar da ake kawowa

Masu sukar wannan aiki ba wawaye ba ne, ya kamata a saurare su. Ƙararsu ta fari ita ce ta ciki. Manzo Bulus ya tsawata wa malalata a Tasalonika, ya kuma yi magana mai zafi a kan wanda ya ƙi kula da iyalinsa (1 Timoti 5:8). Wannan gaskiya ce da ba ta da makawa. Magidancin da ya sayi transisto da kuɗin makarantar 'yarsa ya yi zunubi, ko da abin da ya ƙera ya fi na Japan daɗi. Amma laifinsa cin hakkin yarinyar ne, kuma laifin nan zai tsaya ko da kuɗin a tsire ya kashe su.

Ta biyu, waɗansu masu karatun Littafi Mai Tsarki sukan tuna cewa Yubal, kakan makaɗa, da Tubal-kayinu, kakan maƙera, daga zuriyar Kayinu suka fito (Farawa 4). Haka ne. Amma ɗan'uwansu Yabal, kakan makiyaya, shi ma daga gidan ya fito, ba a kuwa taɓa jin mai bi ya sayar da shanunsa saboda wannan ba.

Ta uku, ana cewa ƙarshen irin wannan kaya wurin rawa ne. Wani lokaci haka ne. Duk da haka a misalin ɗa ɓatacce, abin da babban wa ya fara ji da ya doso gidan mahaifinsa kiɗa ne da rawa, kuma Ubangiji Yesu bai ɗora laifin a kan makaɗan ba.

A gefe guda kuma ga shaidu. Mutum na fari da Littafi ya faɗa a kansa cewa Allah ya cika shi da Ruhunsa domin wani aiki shi ne Bezalel, gwanin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙa (Fitowa 31). An ba shi har da basirar ƙago sabon fasali. Itatuwan gonar Aidan ma, an ambaci kyansu ga ido tare da amfaninsu ga ciki (Farawa 2:9). Sa'ad da mace ta fasa tulun turare mai tsada a Betanya, waɗanda suka kira abin asara su ne aka kwaɓa (Markus 14). Mahaliccin da ya yi wa zabo zane ya yi mutum cikin kamanninsa, don haka ba abin mamaki ba ne hannun mutum ya yi ƙaiƙayin ƙera abin da cikinsa bai roƙa ba.

Dawuda da Amos

Da a nan maganar ta tsaya, da ta yi sauƙi. Amma akwai ƙara ta huɗu, ta fi sauran nauyi, annabi ne kuma ya kawo ta.

Sarki Dawuda bai tsaya ga kaɗa garaya ba, ya ƙera kayan kiɗa. Littafin 1 Tarihi 23:5 ya nuna Lawiyawa 4,000 aka keɓe su yabi Ubangiji da kayan da Dawuda ya yi. Bayansa da kusan shekara 200, a zamanin Yerobowam na biyu, Amos makiyayi daga Tekowa ya tafi mulkin arewa ya tarar da manyan Samariya a miƙe bisa gadajen hauren giwa, suna cin 'yan raguna, suna shan ruwan inabi a manyan kwanoni. A cikin laifofin da ya lissafta musu har da ƙago kayan kiɗa irin yadda Dawuda ya yi (Amos 6). Aiki ɗaya ne, an yabi Dawuda a kansa, an yi wa waɗannan kaito.

Amos da kansa ya nuna inda bambancin yake. Mutanen nan ba su damu da lalacewar gidan Yusufu ba, watau jama'arsu. A birnin da ake sayar da matalauci a bakin kuɗin takalmi, ake rage mudu, ake karɓar toshiya a wurin shari'a, su suna gwada sabuwar tsirkiya. Kiɗan ya zama musu audugar toshe kunne. Dawuda kuwa, tun yana saurayi, garayarsa ɗakin mai ciwo ta shiga. Ya kaɗa wa Saul har ya sami sauƙi (1 Sama'ila 16:23), ya kuma ci gaba da kaɗa masa har ranar da Saul ya jefe shi da mashi. Ba a cika shekara 50 bayan wa'azin Amos ba Assuriyawa suka ci Samariya, a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu.

Ashe ba kuɗin da aikin sha'awa ke kawowa ne ma'auninsa ba. Ma'aunin shi ne, mai aikin yana jin kukan maƙwabcinsa har yanzu, ko ya daina ji? Haɗarin kuwa na gaske ne, domin aikin allo yana haɗiye mutum. Wanda ke farautar ƙafa ɗaya da ta ƙi kamawa yana iya kai tsakar dare bai san yaronsa ya kwana da zazzaɓi ba. Mashayi ya san abin kunya yake yi. Mai ƙera kaya yana ganin aikinsa mai tsabta ne, saboda haka ya fi wuyar farkawa.

Sa'ad da kiɗa ya tsaya

Ran 15 ga Afrilu 2023 faɗa ya ɓarke a Kartum tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Janar Mohamed Hamdan Dagalo. Iyaye da yawa a arewacin Nijeriya ba za su manta da makonnin nan ba, gama 'ya'yansu ɗalibai a motoci aka kwaso su ta hamada zuwa iyakar Masar. An washe kasuwar Omdurman, wuta ta ci sassanta. Gidan rediyo da talabijin na ƙasa ya zauna a hannun RSF har Maris 2024, sojoji kuma ba su karɓe tsakiyar Kartum ba sai Maris 2025. Mutum fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu. A Agusta 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam na Darfur. Faifan Jantra, wanda kiɗan biki ne tsantsa, a cikin shekarar da yaƙin ya fara ya fito.

A irin wannan rana, me ya rage wa mai ƙarfen liƙi? Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A unguwannin Kartum da Omdurman samari da 'yan mata suka kafa ƙungiyoyin agajin gaggawa, suka buɗe madafan tarayya da ake kira takaya, suna dafa wake da fate a manyan tukwane domin duk wanda ya zo da kwano. Wannan shi ne aikin ranar. Wanda ya kulle ƙofa yana gyaran muryar kibod alhali ana neman mai ɗauko itace, Amos ya riga ya yi magana a kansa.

Amma a lura da abin da Yahudawa suka yi a bauta. Zabura 137 ta nuna sun ƙi yi wa waɗanda suka kama su waƙa, suka rataye garayunsu a itatuwan bakin kogin Babila. Ratayewa suka yi, ba su farfasa ba. Da lokacin komowa ya yi, a cikin ayarin akwai mawaƙa 200 maza da mata (Ezra 2:65). Shekaru da yawa a baƙuwar ƙasa wani ya ci gaba da koya wa yara waƙa, in ba haka ba da ba a sami ko ɗaya ba. Birnin da aka rushe yana bukatar magina da masu jinya, zai kuma bukaci wanda ya san yadda ake sa mataccen akwati ya yi magana, gama mutanen da suka binne 'yan'uwansu za su sake aurar da 'ya'yansu.

Ga mai aikin, da iyayensa, da ikilisiya

Mai bi da Allah ya ba wannan sha'awa ba ya bukatar jin kunyarta, ba ya kuma bukatar ƙaryar cewa wata rana za ta kawo arziki. Yawanci ba ta kawowa. Ya isa ya riƙa yi wa kansa tambayoyi a gaban Allah. Kuɗin da ya shiga wannan allo, hakkin wane ne? Sa'o'in da ya ba shi, an ƙwace su daga matarsa, ko daga sujada, ko daga gaida marar lafiya? In aka ƙwanƙwasa ƙofa yana tsakiyar liƙi, zai tashi da sakin fuska? Akwai wani yaro da ke zaune kusa da shi yana koyo, ko shi kaɗai yake sha? Wanda ya iya amsa waɗannan ba tare da sunkuyar da kai ba, ya ci gaba da aikinsa da godiya. Wanda ya kasa, ya rataye ƙarfen liƙin na ɗan lokaci, ya je ya gyara abin da ya ɓaci a gida.

Ga iyaye kuma, a tuna cewa a labarin Nuri da na Moog duka akwai uba a tsaye. Ɗaya ya ba da tamburinsa, ɗaya ya zauna a teburin aiki tare da ɗansa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarawa dabam take da karyawa. Yaron da ya kwance rediyon gida ba da izini ba, a hore shi a kan rashin izinin, sa'an nan a nemo masa mataccen rediyo a ce ya tashe shi. A gargaɗe shi ya yi gwajinsa da batir, ya nisanci wutar soket da cikin tsohuwar talabijin, gama suna kisa. A kuma kai shi wurin mai gyara mai amana ya koya a hannu.

A majami'u da dama akwai kibod da amfilifaya da aka tara baiko aka saya, suka lalace, aka jingine su a bayan bagade ƙura tana ci, domin ba mai ƙarfin halin buɗewa. Sau da yawa wanda zai iya yana zaune a bencin baya, ba a taɓa tambayarsa ba, tun ranar da wani dattijo ya kira shi mai wasan yara. Ya kamata shugabanni su neme shi, su ba shi mabuɗin ɗakin kaya da yara biyu ko uku masu irin halinsa. Zumuntar Mata ba ta jira an kawo mata kaya daga waje ba kafin ta yabi Allah da tulu da kuge da caki. Abin da masu gyara na Omdurman suka yi da kibod ɗin Japan ɗan'uwan wannan ne.

Ubangiji da ya ba Bezalel hannu, ya ba Amos kunne, ya haɗa wa bayinsa duka biyu. Ya kuma ji ƙan mutanen Sudan, ya komo da su gidajensu lafiya. Amin.